Rigar da Ba Ta Rame Tare da Yarinyar Ba

Har yau ban manta da ranar da na buɗe hoton da aka hana ni buɗewa ba, a gaban wani kapitan na soja, shef ɗina, wato shugabana, yana zaune a gefena. Ku da kuke aiki tare da ni kun sha tambayata abin da ya raba ni da wurin aikina na farko. Ga labarin, bi da bi.

Shekarar ce da damina ta gaza, sojoji kuma suna riƙe da mulki. Mutanen karkara sun yi ta kwarara Yamai, mata da goyo suna bin gidaje neman wankau ko daka. Ni a lokacin ina aiki a wani ƙaramin kamfanin shirya saƙonnin tele, wato talabijin, a unguwar Lazare. Daga rediyo na zo, inda na yi shekaru ina fassara labarai ina karanta su da Hausa. Don murya aka ɗauke ni, amma da mai zanenmu ya bar aiki sai na zauna na koyi aikin kwamfuta. Kwantiragina na wata shida-shida ne, kuma sa hannun mutum ɗaya ke sabunta shi: Mushe Idrisa, shugaban sashenmu. Mushe laƙabin girmamawa ne daga Faransanci, kamar a ce Malam. Bazabarme ne haifaffen Yamai, Hausarsa ta kasuwa, mutum mai tsabta, mai ladabi, mai tsananin tsoron takarda.

Ga waɗanda ba su san aikin ba, bari in yi bayani. Manhajar da muke amfani da ita tana ba ka siffar mutum a cikin kwamfuta, mai tsawo da faɗi da kauri, kana juya ta ta ko'ina. A cikinta akwai ƙasusuwa, ka ɗaga mata hannu, ka zaunar da ita, ka ƙara mata ƙiba ko ka rage. Tufafi kuwa daban ake yin su, kuma kowace riga a kan jiki guda aka gina ta. In ka ɗauki rigar wannan jiki ka sa wa wancan, sai kafaɗa ta huda yadin ta leƙo, ko gwiwar hannu ta fito waje. Don haka akwai wani maɓalli da ke daidaita su. Kana danna shi sai rigar ta bi sabon jikin, ta tsuke inda ya tsuke, ta buɗe inda ya buɗe. Mu a biro, wato ofis, tela muke ce masa. Gyaran da zai ci kwana biyu da hannu, tela kan gama shi kafin shayi ya huce.

Wani kwamiti mai kula da ƙarancin cimaka ya ba mu aiki: gajeren saƙon tele da hoton bango, waɗanda za su nuna wa uwaye alamun tamowa, su kai yara likita tun ba su kwanta ba. An zaɓi zane ne don kada a nuna ɗan kowa a wannan hali. Ƙa'idar aikin hawa uku ce. Mu shirya, a gwada a gaban mata, sannan kwamiti ya duba, wani kapitan da hukuma ta wakilta ya sa hannu. In babu hannunsa, ba ya shiga tele.

Na gina yarinya 'yar kimanin shekara uku, na yi mata shuɗiyar riga mai gajeren hannu. Hoto na farko tana lafiya. A na biyu na rage mata dantse, na fito da ƙashin wuya, na zurfafa idanu, sannan na danna tela. Riga ta zauna cif. Mushe Idrisa ya leƙo ta bayana ya ce, "Wala! Tsaf, Madam Rakiya. Aikin Turai."

Gwajin a wata ƙaramar likita, wato asibiti, ta unguwar Saga aka yi shi. Majo Fati ce ta tara mana mata a ƙarƙashin rumfa. Majo shi ne babban ma'aikacin jinya na wuri, kuma ita ta fi kowa daɗewa a can. Na ɗaga hotunan biyu na ce, "Wacce ce ba ta da lafiya a nan?" Majo ta maimaita da Zabarmanci. Suka zuba wa hotunan ido. Wata ta ce ta biyun ta fi tsawo. Wata ta ce ai yara da yawa haka jikinsu yake, marasa ƙiba.

Sai wata tsohuwa Bahaushiya, da ta zo daga arewa da jikarta, ta miƙo hannu ta karɓi hoto na biyu. Ta daɗe tana dubawa.

"Ɗiyata, wannan ɗiyar wane ne?"

"Ba ta kowa ba ce, Inna. Zane ne."

"To ubanta mai hali ne," in ji ta. "Yarinya ta rame, an ɗauke ta an kai wurin tela, an sake auna ta, an yanko sabon yadi. A bana?"

Mata suka fashe da dariya. Ita ba ta yi ba. Ta jawo jikarta ta tsayar a gabana. Wuyan rigar yarinyar ya zame daga kafaɗa ɗaya, hannun rigar yana lilo kamar an rataye shi a ƙusa.

"Rigar Sallar bara ce," in ji tsohuwar. "Da ƙyar muka sa mata ita, har tana kuka ta matse ta. Yanzu dubi. Ni ban san kilo ba, ɗiyata. Da rigar nan na gane, na ɗauko ta."

A hanyar fita Majo ta tare ni. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Duk uwar da ta zo nan, abin da take fara faɗa ke nan: riga ta yi mata yawa, awarwaro yana zamewa. Alamar da suka sani ke nan, ku kuma kun goge ta da hannunku."

Kuskuren nawa ne, kuma irin na masu aikinmu ne kaɗai. Mun saba ganin rigar da ba ta zauna ba a matsayin aibi, don haka na gyara abin da shi ne ainihin saƙon.

Na koma biro na warware aikin tela. Na ɗauko rigar a girmanta na farko, na raba ta da ƙasusuwan siffar don kada ta bi jiki, na sa kwamfuta ta sake ta a kan ramammiyar yarinyar kamar yadi na gaske mai nauyi. Sau da dama rigar ta zame gaba ɗaya ta faɗi ƙasa, domin kafaɗun ba su isa su riƙe ta ba. Sai da na kafe ta a gefen wuya ɗaya, na bar ɗaya gefen ya sauka. Inda fata ta huda yadi na bi da hannu na ɗaga, wuri bayan wuri. Kwana uku na yi, kuran, wato wutar lantarki, yana ɗaukewa yana dawowa.

Mushe Idrisa ya gani ranar Talata. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar.

"Wannan mene ne?"

"Abin da matan Saga za su gane ne, Mushe."

"Wannan tsumma ne. Kina so soja ya ce mun tona asirin ƙasa a tele? Na ga abin da aka yi wa masu faɗin kalmar yunwa a garin nan. Ke kina rediyo, kin fi ni sani."

"Waccan gwamnati ta tafi. Waɗannan da bakinsu suka ce akwai matsala."

"Gwamnati tana tafiya, Madam. Dosiye ba ya tafiya." Fayil ɗin da hukuma ke tara wa mutum yake nufi. Ya nuna allon da yatsa. "Mutum goma sha ɗaya ke ci a kamfanin nan. Alhamis ki nuna aikin farko, mai rigar da ta zauna cif. In na ga wannan a gaban kapitan, ƙarshen wata ba na sa hannu a takardarki. Kin ji ni?"

"Na ji ka, Mushe."

Jin na ji. Ban ce na yarda ba, shi ma bai tambaya ba. Kuma kada ku ɗauka mugu ne. Tsoronsa yana da dalili, ni ma ina da 'ya'ya biyu a lakwal, wato makaranta. Na auna abin a natse, kamar yadda ake auna labari kafin a karanta shi. Aikin farko, na tela, ba ƙarya ya faɗa da baki ba, amma uwar da ta kalle shi za ta dubi ɗiyarta ta ce ba ita ake nufi ba. Na riga na ga hakan da idona a Saga. Ba zan iya komawa in zama wadda ba ta gani ba.

Alhamis da hantsi kwamiti ya zo biro. Mutum biyu daga cikinsu, da Majo Fati, da kapitan. Saurayi ne dogo, ya ajiye hularsa a kan tebur, bai taɓa ruwan da aka kawo masa ba. Na buɗe aikin farko, na tela. Ya kalla, ya gyaɗa kai, ya zaro bik daga aljihu zai sa hannu.

Na ce, "Mon kapitan, akwai na biyu." Na buɗe shi kafin kowa ya yi magana.

Kapitan ya dubi allon, ya dubi Mushe Idrisa.

"Wanne ne kamfani ya kawo?"

"Na farko, mon kapitan," in ji shef da sauri. "Wannan kuskuren mashin ne. Rigar ba ta zauna ba, za a goge."

Ƙofa ce ya buɗe mani in fita da mutuncina, na sani. Da na yi shiru, da maganar ta mutu a nan.

Na ce, "Ba kuskuren mashin ba ne. Ni na yi shi, da gangan, kwana uku. Na farko ne mashin ya yi."

Kapitan ya juyo gaba ɗaya ya fuskance ni. "Bai yi kyau ba, Madam."

"Ba a yi shi don ya yi kyau ba, mon kapitan. An yi shi don uwa ta gane ɗiyarta."

Ya juya ya dubi Majo Fati. Sannan ya ce, "Ni soja ne, ban san yara ba. Majo?"

"Na farko mun gwada shi," in ji Majo Fati. "Ba wadda ta ga ciwo. Cewa suka yi ɗiyar mai kuɗi ce."

"Na biyun fa?"

"Ba mu gwada ba. Amma ita nake gani kowace safiya a kan bencina."

Ya sake duban allon. Ya ce, "A sa mata takalmi. Ba na son a ce yaranmu ba su da takalmi." Na ce za a sa. Takalmi ba ya ɓoye kafaɗa. Ya sa hannu a ƙarƙashin na biyu, ya ɗauki hularsa. Mushe Idrisa ya raka shi har mota yana murmushi.

Washegari na tarar da demand a kan teburina. Takardar neman bayani ce, wadda shugaba ke ba ma'aikacin da ya saɓa umarni, a ba shi kwana biyu ya amsa a rubuce, a sa amsar a dosiyensa. Shef ya kira ni ofishinsa ya rufe ƙofa.

"Zauna, ƙanwata," in ji shi. Bai taɓa kirana haka ba. "Aikin ya wuce, Alhamdu lillahi. Amma kin kunyata ni gaban soja. Rubuta layi ɗaya kawai, ki ce kin rikita hotuna, hannunki ya taɓa wanda ba shi ba. In sa a dosiye, in sa hannu a kwantiraginki, mu manta."

"Mushe, jiya gaban mutum biyar na ce da gangan na yi."

"Jiya baki ne. Yau takarda."

"To takardar ma abin da bakin ya faɗa za ta faɗa."

"Kai, Hausawa da taurin kai!"

"A Lazare na koye shi, Mushe, wurinku."

Ya kusa yin dariya, amma bai yi ba. Na koma na rubuta amsata: an umarce ni in nuna aikin farko kaɗai, na fahimci umarnin, na nuna na biyu da sanina, domin na farko ya faɗi a gwaji. Na sa hannu, na sa kwanan wata. Ƙarshen wata bai sabunta ba. Ni na sa wa yarinyar takalmi, na miƙa aikin cikakke, na kwashe kayana. Na yi watanni ina karɓar ƙananan ayyuka a gida kafin in buɗe wannan wuri da kuke aiki a ciki.

Saƙon ya fita. Ban san yara nawa ya kai likita ba, kuma ba zan ƙirƙira muku adadi ba. Abin da na sani, Majo ta kira ni wata rana ta ce wata mata ta zo daga unguwar Harobanda, ta kama wuyan rigar ɗanta ta ɗaga, ta ce, "Irin ta tele." Mushe Idrisa kuwa muna gaisawa a wurin suna da biki. Bai ce na yi daidai ba, ban ce na yi kuskure ba.

Abin da na koya game da mutanen wannan sana'a shi ne, ba mugaye ke ɓata aiki ba, masu son a ga tsaf ne, kuma ni ma ina cikinsu. Manhaja ba ta san bara da bana ba, jikin da ke gabanta kawai ta sani. Ban hana ku daidaita tufa da maɓalli ba, kullum muna yi. Amma kafin ku danna, ku tsaya ku amsa mani tambaya biyu: yaushe aka ɗinka rigar nan, kuma wa aka auna?