Ruwan Famfo a Sabon Lagireto

Motar ta zo hannunmu ne a shekarar da council, wato ƙaramar hukumarmu, ta rufe gidan yinin tsofaffi, inda maigidana yake tuƙa musu bas. Lokacin gwamnati ta tsuke bakin aljihu, yau ka ji an rufe laburare, gobe an rufe wurin wasan yara, har abin ya iso ƙofarmu. Ran nan ya dawo da kwanon abincinsa ko buɗewa bai yi ba, ya ajiye a kicin, ya ce mini ƙarshen wata shi ne ƙarshen aikin. 

Mutum ne da ya fara tuƙi tun yana saurayi, yana jigila tsakanin Jos da Kaduna da Kafanchan, kafin Allah ya kawo mu Manchester. Sai ga shi zaune a bakin taga tun safe, yana kallon motocin da ke lodi a manyan shagunan sari na Cheetham Hill. In na kawo shayi ya karɓa, in ban kawo ba ba zai tambaya ba. Ya nemi aiki wurare da dama, ko'ina sai su dubi furfurarsa su ce za su kira.

Ana cikin haka wata Baturiya ta buga waya. Mahaifinta yana cikin tsofaffin da maigida yake ɗauka, ya rasu, kuma ya bar wasiyya cewa tsohuwar motarsa da ke gareji a ba direba, don duk duniya shi kaɗai ne yake sauraronsa in ya fara labarinta. Muka hau bas muka je. Da aka ɗaga ƙofar garejin sai na ga maigida ya tsaya cak. Irin motar nan ce ta Faransa mai dogon baya, wadda a da ake harhaɗawa a Kaduna, irin wadda ya aure ni da kuɗin tuƙinta. Turawa a nan sun mai da irinta kayan tarihi, sai ran da rana ta fito su goge ta su kai ta wurin nuni. Shi kuwa ya dafa bonet ɗin kamar wanda ya gamu da ɗan garinsu a tasha. Matar ta ce ya ci gaba da amfani da garejin har a sayar da gidan.

A watannin nan ne ɗanmu ya gaya mana matarsa tana da ciki, haihuwar za ta faɗo cikin sanyin Disamba. Suna zaune a Birmingham, yana aiki a babban asibitin Edgbaston, ɓangaren na'urorin ɗaukar hoto. An hana uwar matar tasa biza, don haka wankan jego ya dawo kaina. Ina lissafa abin da zan tafi da shi, babbar tukunya da gero da kanwa da yaji da busasshen kifi, ina cewa ban san yadda zan hau jirgin ƙasa da su ba, sai maigida ya ce wa ya ce jirgi zan hau. Shi zai kai ni, a motarsa, har ƙofar gidan ɗansa. Ranar Lahadi bayan sujada ya maimaita maganar a gaban mazan coci, waɗanda suka saba tambayarsa ko an samu wani abu, da muryar nan ta tausayi da ya tsana. Suka yi dariya, wani ya ce to a tafi da igiya saboda ja. Tun daga ranar ya daina zaman taga.

Motar tana tashi, amma ba ta zagaya unguwa sau ɗaya ba tare da ta tafasa ba. Lagiretonta na tagulla ne, tsatsa ta cinye shi, ya yi kore, yana ɗiga ta ko'ina. Maigida ya kwance shi ya sa a buhu, ya yi ta yawo da shi a bas yana neman mai dalma. A ƙasarmu da rabin yini ya isa a like shi a gindin bishiya. A nan duk garejin da ya shiga sai su ce masa ya jefar, kuma kamfanin ya daɗe da daina yin irinsa.

Ni ce na gaya wa ɗanmu a waya. Ban yi zaton zai kula ba, don tsakaninsa da ubansa ba a wuce gaisuwa. Yana ƙarami muka zo da shi, bakinsa ya juye ya zama na 'yan Manchester. Uban ya yi masa Hausa, shi ya amsa da Turanci. Amma bayan 'yan kwanaki sai ga kwali an kawo. Ya nemo a intanet wurin wasu masu ƙera lagireto na alminiyam don tsofaffin motoci. Fari tas yake, yana ƙyalli kamar sabuwar tukunyar amarya. Maigida ya ɗaga shi da hannu ɗaya, ya jijjiga, ya ce wannan ai faranti ne. Amma a daren a falo ya kwana, a kan kujera, an lulluɓe shi da zanena.

Da yake ba na kamfanin ba ne, bai zauna daidai ba. Ramukan noti sun kauce da kamar faɗin yatsa biyu, bakin da tiyo na ƙasa zai shiga yana kallon wani gefe daban, kuma ya fi tsohon kauri, har fanka tana neman taɓa shi. Wannan rashin daidai shi ne ya jawo ɗanmu. Ya ce zai zo Asabar ɗaya ya gani. Asabar ɗaya ta zama kusan duk Asabar ta bazara. Yakan hau jirgin safe, ya sauka, ya wuce garejin kai tsaye da tsohon wando a jaka.

Ni nakan kai musu abinci da rana. Tun daga bakin layi nake jin muryoyinsu. Uban yana kiransa Likita, shi kuma yana kiran uban Oga Direba. Sun yanko ƙarfe sun lanƙwasa sun yi wa lagireton ƙafafu, ɗan yana aunawa da tef yana dubawa a waya, uban yana aunawa da tafin hannu, kuma kowa yana cewa nasa ne daidai. Sun ɓata tiyo ba ɗaya ba kafin su samu wanda ya lanƙwasu yadda suke so. Wata rana na tarar da ɗan a kwance ƙarƙashin mota, ya miƙo hannu yana cewa, "Baba, ba ni sifana." Hausa ce ta fito daga bakinsa, ba wanda ya roƙe shi. Na ajiye kula a kan bokiti, na juya baya kamar ina gyara ɗankwali, don kada su ga fuskata.

A can ne na ji maigida yana ba shi labaran da ni ma ban taɓa ji ba. Yadda ya taɓa toshe lagireto da garin taba a hawan Riyom, da yadda fasinjoji suka yi ta ɗebo ruwa a rafi da kwanonsu. Ya kuma gaya masa abin da ya fi ci masa rai a aikin council. Duk shekarun da ya yi yana tuƙa bas ɗin nan, ba a taɓa barinsa ya buɗe bonet ba. Akwai masu yin wannan, in ya taɓa ma laifi ne. Ya ce direban da ba ya duba ruwa da mai da hannunsa kowace safiya ai fasinja ne da aka ba sitiyari.

Ranar da suka gama ɗaurawa ina wurin. Kafin a haɗa tiyo na sama, maigida ya zaro wani ɗan ƙarfe mai kamar murfin kwalba daga wuyan injin, ya jefa a kwandon shara. Ɗan ya tsame shi, ya ce wannan shi ke tsare ruwa har injin ya ɗumama. Uban ya ce duk motar da ta sauka a ƙasarmu abin da bakanike yake fara cirewa ke nan, shi ke sa mota zafi. Ɗan ya haƙura da wannan. Amma da uban ya miƙo mini jarka ya ce in ciko ta a famfon bayan gida, sai ɗan ya miƙe tsaye.

"Baba, ba a sa ruwa zalla a nan. Sai an haɗa da antifreeze, maganin daskarewa. In sanyi ya zo zai daskare."

"Ruwan nan mai kala? Na malalata ne, waɗanda ba sa buɗe mota sai ta mutu. Cin tiyo yake yi."

"Baba, nan ba Kaduna ba ne."

"Na yi sanyin Jos kafin a haife ka, Likita. Ka bar ni da abin da na sani."

Ɗan ya dube ni, ni kuma na dubi jarkar. Ba faɗa suka yi ba. Ɗan ya ce to, ai da sauran lokaci, zai zo da shi da kansa kafin sanyi ya shigo, in ya so su sake magana. Aka zuba ruwan, aka tayar da mota. Muka shiga mu uku, muka zagaya har Oxford Road cikin cunkoson bas-bas, allurar zafi ba ta ko motsa ba. Maigida yana tuƙi da hannu ɗaya, ɗayan a waje, yana rera waƙar coci. Rabon da in ji muryarsa haka har na manta.

Wannan ce Asabar ta ƙarshe. Aikin ya ƙare, ba sauran dalilin hawa jirgi, kuma cikin matar ɗanmu ya fara ba ta wahala, ga asibitinsu an rage ma'aikata, kullum yana bakin aiki. Ya kira ya tuna wa uban maganar ruwan, ya sake kira ya ce in tuna masa, na kuwa tuna masa. Kowane lokaci amsar ɗaya ce, ya ji. Kowace safiya yana buɗe bonet ya duba, ruwa yana nan cike, garau. Yana kai ni coci da kasuwa, sai dai hitar motar, maimakon ta ɗumama mu, iska mai sanyi take hurawa, nakan rufe ƙafafuna da bargo. Mazan coci suka daina maganar igiya, har wani ya roƙe shi ya ɗauki amarya in lokacin bikin 'yarsa ya zo.

Da ganye ya gama zuba aka sayar da gidan tsohon. Motar ta dawo bakin titi a ƙofar gidanmu, ba rufi.

An haifi jikarmu ranar Alhamis, muka shirya tafiya Asabar. Tun yammacin Juma'a maigida ya loda kaya, ya ɗaure tukunya da igiya irin ɗaurin tasha, ya goge gilashi, ya cika ruwa har baki. Da gari ya waye komai ya yi fari, ciyawa tana ƙara a ƙarƙashin takalmi. Ina tsaye da jakata ya buɗe bonet kamar kullum. Ya murɗa murfin lagireto ya ƙi buɗuwa. Da ya buɗu, ƙanƙara ce a ciki har wuya. Gefen lagireton ya kumbura ya tsage kamar gwangwanin da aka taka.

Ya ce in dafa ruwa. Na kawo buta bayan buta yana zubawa a hankali, yana cewa in dai lagireto ne kaɗai da sauƙi. Da ƙanƙarar ta fara saki sai ruwa mai launin tsatsa ya soma gangarowa, ba daga lagireton ba, daga jikin injin kansa, ta wata tsaga siririya kamar zare. Ya sa yatsa ya bi ta daga sama har ƙasa. Ya daɗe a sunkuye. Sannan ya rufe bonet ɗin a hankali, ya zagaya baya ya fara kwance igiyar.

Shi ya raka ni tashar jirgi, ɗauke da abin da hannu zai iya ɗauka. Tukunyar ta zauna. Na ce ya zo mu tafi tare, ko tikiti ne ai ana sayarwa a nan. Ya ce, "Ki gaishe su. Ki ce ina tafe."

Da na isa na gaya wa ɗanmu, bai ce ai na faɗa ba. Ya zauna a bakin gado da jaririyar a hannu, ya ce da ya sani da ya zo ko na awa ɗaya ne. Ya kira uban ya ce za a iya samun wani injin, shi zai nema, su sake ɗaurawa tare in bazara ta zo. Ina jin muryar uban ta wayar, ya ce a bar ta, Allah ya yi masa albarka. Na yi ta fatan ɗan zai nace, ko uban ya sauko, amma dukansu biyu masu kunya ne, kowa yana ganin ya ɓata wa ɗan'uwansa aiki. Kafin in gama jego in dawo, wani Bature mai tara irin waɗannan motoci ya zo da babbar mota ya ɗauke ta. Ranar da aka kai yarinyar coci don godiya, kujerar kakanta ba kowa. Ya ce mura ce.

Har yau in na tuna, ba motar nake jin zafinta ba. Na so a ce ramukan nan sun ƙara kaucewa, tiyon ya ƙi samuwa, aikin ya ja su har cikin sanyi suna gardama a garejin.

Sai da jikar ta fara zama da kanta sannan maigida ya yarda muka je tare, a bas ɗin haya. Ɗanmu ya zo ɗaukarmu a tasha da motarsa. Ya sa kayanmu a but, ya buɗe wa uban ƙofar gaba, har ya miƙa masa makulli yana murmushi, ya ce Oga Direba ko zai taɓa. Maigida ya dubi makullin, ya buɗe ƙofar baya ya shiga kusa da ni.

"Baba, ka dawo gaba mana."

"Nan ma ya yi," in ji shi. Ya jawo bel ya ɗaura, ya ɗora hannuwansa a kan gwiwa.