Billen da ke kuncin kakata

Shekarun baya can, tun ina da ɗan shagon ɗinki a bakin kasuwar Madarumfa, ban yi aure ba, ban mallaki komai ba sai keken ɗinki da tsohuwar moto, wato babur, da surutu, wata rana kakata ta wajen uba ta aiko a kira ni. Iya muke ce mata. Ita kuma "mai gida" take ce min, kun dai san wasan jika da kaka. Kullum ƙorafinta ta auri marowaci, tela guda amma matarsa na yawo da koɗaɗɗen zane.

Na shiga da shirin tsokana, sai na tarar ta ɗaure 'yan kayanta a ƙunshi ta aje a gefen tabarma.

Ta ce, "Mai gida, zuba ma moton nan taka mai. Gobe da sassahe za ka kai ni wurin Yaya."

Yayar tata uwa ɗaya uba ɗaya suke, su biyu kaɗai iyayensu suka bari. Tana zaune a wani ƙauye gaba da Jibiya, cikin Najeriya. Ta daɗe da makancewa, wannan mun sani. Sabon labarin da wani mai zuwa cin kasuwa ya kawo shi ne tsufa ya rikita ta, hankalinta ya koma ƙuruciya, kuma ta daina cin abinci. Duk abin da aka kai bakinta sai ta ture, ta ce a ba Auta tukuna, an baro ta ba ta ci ba. An yi lallashi, an yi rubutu, an kai ga likita, shiru. Jiki har ya fara saki. Autar da ake magana kuwa ita ce Iya, wadda a lokacin haƙoran bakinta ba su cika hannu ɗaya ba.

Mahaifina ya ce a bari sai ranar kasuwa a samu mota, gwiwoyin Iya ba za su ɗauki moto ba. Ta dube shi ta ce, "Yunwa tana jiran ranar kasuwa ne?"

Da gari ya waye na naɗe tsohon bargo a bayan moto, aka ɗora min ita kamar buhun gero. An kawo mata koko ta ce ba ta sha. Ta damƙe rigata ta baya da hannu biyu, muka kama hanyar Ɗan Issa, ina tafiya a hankali har masu amalanke na kallona.

A hanyar ne ta ba ni labarin rabuwarsu, tana ɗaga murya a cikin kunnena. Na san shi guntu-guntu, amma ban taɓa jin sa daga bakinta ba.

Ta ce, "Zamanin Nasara ne. Kumandan, Baturen mulki, ya kan aiko a ba da maza aikin dole, fasa dutse da gyaran hanya, ba biya ba abinci. Babanmu ya tahi sau ɗaya, ya dawo da tari, bayanshi duk sawun bulala. Da anka ce za su sake zowa, ya ce shi kam ya gama. Mutane na ta gudu ƙasar Ingilishi, shi ma ya ce can za shi. Innarmu ba ta iya bin shi, tana jinyar tsohuwarta. Ni kuwa ƙarama ce, ba ni iya tahiyar. Sai ya ɗauki Yaya don ta riƙa ɗebo mishi ruwa. Ya ce mu jira, da ruwa ya ɗauke zai dawo ya kwashe mu."

Bai dawo ba. Tarin ne ya kashe shi a can. Yaya ta tashi a hannun dangi, aka yi mata aure a can, Iya aka yi mata a nan. Sai da kowacce ta haihu sannan suka sake ganin juna. Daga baya sun riƙa ziyara, biki ko suna ko gaisuwar mutuwa, har ƙafa ta gaza musu su duka.

To ni lokacin gwanin zaman fada ne, wato majalisar hirar samari. In aka ɗora shayi aka taɓo mulkin mallaka, ba mai ƙara samun bakin magana sai na gama. Sai na ga dama ta samu, na gyara murya na ce, "Iya, ai Turawan nan a kan tebur suka zauna suka raba mu, Faransa ta ɗauki nan, Ingila ta ɗauki can..."

Ta dungure min ƙeya. "Dubi gabanka kar ka zuba ni cikin rami. Tebur ɗin da kai anka zauna?"

Na mayar da idona kan hanya.

Abin da ke cin raina tun daga gida shi ne Iya ba ta da katin shaida, ba ta taɓa yi ba. Da can ta daji suke bi a ƙafa. Da muka iso shingen iyaka, wani ma'aikaci ya karɓi takarduna ya duba, sannan ya ce, "Na tsohuwa fa?" Na fara kame-kame, ai ranka ya daɗe, ai ka san tsofaffi. Iya ta leƙo ta bayan kafaɗata.

Ta ce, "Ɗana, mi ka ce?"

Ya ce, "Iya, wata ƙasa za ki shiga. Nan iyaka ce."

Ta duba ƙasa, ta duba dama da hagu. Gero ne ta ko'ina. Ta ce, "Nuna min ita. Tun ina yarinya nike jin labarinta, ta ci min uba, ban taɓa ganinta ba."

Wallahi na ce a raina yau tsohuwar nan ta ja mana. Sai mutumin ya yi dariya ya ce, "Iya, ni ma ban taɓa ganinta ba, tsaronta kawai aka ba ni." Na gaya masa abin da ke tafe da mu. Ya miƙo min takarduna, ya ce Allah ya ba ta lafiya, in kula da ramuka a gaba. Allah ya saka wa bawan Allahn nan, duk inda yake.

Rana ta take muka isa. Babban ɗan Yaya, wanda nake ce wa Baffa, shi ma furfura ta gama cin gemunsa, ya taimaka aka sauko da Iya. Ba ta tsaya shan ruwa ba, ta ce a kai ta ɗakin. Na bi bayanta.

Yaya na kwance a kan tabarma, ta rame har ban gane ta ba. Ga ƙwaryar kunu a gefe an rufe da faifai. Iya ta durƙusa da ƙyar ta ce, "Yaya, ni ce. Na zo."

Yaya ta karkato kai ta saurara. Ta ce, "Wace tsohuwa ce wannan kuma? Ku hitar da ita, Auta nike jira."

Kai, jama'a. Na ga fuskar Iya ta canza, kamar an watsa mata ruwan sanyi. Amma ba ta karaya ba. Ta ambaci tsamiyar ƙofar gidansu, ta ambaci bakin tafki inda suke wanki, ta faɗi sunan innarsu da na akuyarsu. Yaya ta ce, "Wannan kowa ya sani. Auta yarinya ce, ke kuwa muryarki ta tsohuwa." Ta juya mana baya ta fuskanci bango.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce a zuciyata mun wahalar da tsohuwa a banza, kuma ga ta za ta koma gida da wannan baƙin cikin, 'yar'uwarta ɗaya tak a duniya ta kore ta.

Matar Baffa ta matso tana ba Iya haƙuri. Ta ce ba abin da ba su yi ba, har wata jikarsu suka kawo suka ce ga Auta nan ta zo. Yaya ta shafa fuskar yarinyar ta ture ta, ta ce ƙarya suke.

Iya ta ɗago kai. "Huskarta ta shafa?"

Aka ce e.

Sai ta ja jiki ta zagaya ta wajen bangon, ta kamo hannun Yaya. Yaya na fizgewa, ita tana riƙewa, har ta ɗora yatsun a kuncinta na hagu, ƙasa da ido. Akwai wani ɗan bille a wurin, gajere, a karkace, daban da zanen gidanmu. Tun ina goye nake ganinsa, na ɗauka tabon faɗuwa ne.

Yatsan Yaya ya tsaya a kansa. Ta bi shi daga sama zuwa ƙasa, ta sake bi. Sannan ta kai ɗaya hannun ta taɓa nata kuncin, sai a lokacin na lura ita ma tana da shi a daidai wurin, nata a miƙe.

Ta ce, "Ya karkace. Sai da na ce miki kar ki motsa."

Iya ta ce, "Ke dai kinka sake min kai."

"Ni na sake ki? Cizona kinka yi!"

"To ba zahi na ji ba?"

Muna tsaye baki buɗe, tsofaffi biyu suna musu a kan abin da ya faru tun ba a haifi ko ɗaya daga cikinmu ba. Daga baya Iya ta warware min. Ana gobe tafiya babansu ya kira wanzami. Ya ce kakarsa ta gaya masa zamanin da ake kai hari ana kama bayi, mutane kan yi wa 'ya'yansu shaida a fuska, don ko an sayar da yaro a wata uwa duniya, wata rana nasa su gane shi. Ya ce yanzu ma ga wani zamanin ya zo da ba a san gobe ba, a yi wa 'ya'yansa biyu iri ɗaya. Yaya ta daure aka yi mata. Da aka zo kan Auta, ita aka sa ta riƙe mata kai, yarinya ta zabura, aska ta goce.

Yaya ta ci gaba da shafa fuskar, goshi, kumatu, bakin da ba haƙora. Muryarta ta yi ƙasa.

Ta ce, "Auta, yaushe kinka tsufa haka?"

Iya ta ce, "Ku kunka ce in jira."

Yaya ta fashe da kuka. Ta ce ta gaya wa Baba su koma, ta gaya masa, ya ce sai ruwa ya ɗauke. Iya ta rungume kanta tana cewa ya isa, ai ga ta nan, ba abin da ya same ta. Can Yaya ta share ido ta ce, "Kin ci abinci?"

"Ban ci ba."

"Ku ji min mutanen nan! Ku ba ta mana!"

Matar Baffa ta buɗe ƙwaryar. Iya ta ɗebi ludayi ɗaya ta sha da ƙarfi yadda za a ji, sannan ta ɗebo ta kai bakin Yaya ta ce, "Saura ke." Yaya ta buɗe baki. Haka suka yi ta yi, wannan ta sha, wannan ta sha. Ni dai ban ga ƙarshen ƙwaryar ba. Na fita na ce zan duba moto, na je bayan rumbu na yi kukana, ƙato da ni.

Da la'asar na leƙa na ce, "Amarya, tashi mu kama hanya kar rana ta faɗi." Na tarar ta kwance ƙunshin kayanta, ta rataye zanenta a igiyar ɗakin.

Ta ce, "Mai gida, tahi abinka. Ka ce ma ubanka na gode. Sau ɗaya anka raba mu ba da shawararmu ba, ba a ƙarawa."

Na ce, "To ni fa? Haka ake yi, mace ta bar mijinta?"

Ta ce, "Ka nemi wata, mai haƙora." Ta kama hannuna ta daɗe tana sa min albarka.

Na dawo ni kaɗai, bargon na naɗe a baya. Mahaifina ya tare ni a ƙofa yana cewa ina na baro masa uwa. Bayan 'yan kwanaki ya shirya da kansa ya ce shi zai ɗauko ta. Shi ma shi kaɗai ya dawo, kuma bai sake tayar da maganar ba.

Yaya ta ga ƙarshen daminar nan, tana ci tana sha, muddin Auta ta fara. Bayan kaka Allah ya karɓi abinsa. Muka je gaisuwa muka ce to yanzu Iya sai gida, ta ce gwiwa ta hana. Ba gwiwa ba ce, mun sani. A can ta ƙarasa kwanakinta, aka binne ta a maƙabartar da babanta da yayarta suke. Allah ya jiƙansu da rahama.

Har gobe ina zama fada, kuma in aka taɓo zancen Nasara bakina bai mutu ba, hali zanen dutse. Sai dai yanzu in na fara ɗaga murya na kan tuna mutumin da bai da abin da zai bar wa 'ya'yansa sai aska a kunci, sai in ji maganar ta yi min nauyi. Kewar Iya kuwa ba ta sake ni ba. Na daɗe ina jin haushi a ɓoye, ina ganin kamar na ba da aron kakata na yini ɗaya aka hana ni. Sai da na haifi nawa 'ya'yan na gane ashe mu ne aka bar wa ajiyarta tun tana yarinya, ranar nan kuwa ni Allah ya sa na mayar da ita.