Hoton da Aka Ɗauke Ni a Kan Tabarma

Har yau in mutum ya ɗaga waya saitin fuskata, sai in kau da kai.

Gidan da muke haya a Sabon Gari aka shafa wa jan fenti, kafin sati ya zagayo katafila ta zo ta rushe shi. Ni da Inna muka koma kwana a barandar wani shagon atamfa a Fagge. Alhajin shagon abokin marigayi Babana ne, tare suka yi dako suna samari. Sharaɗinsa ɗaya: kada kowa ya sani. Mu zo bayan an rufe, mu naɗe tabarma kafin a buɗe. Akwatinmu kuwa yana wajen Madam, tsohuwar maƙwabciyarmu 'yar Kudu mai sayar da abinci. A bayan rumfarta muke wanka.

Ita ta kawo labarin. Wai gwamnati ta ware kuɗi don marasa muhalli, ana rubuta sunaye a wata firamare, wanda ya samu kati za a ba shi ɗaki.

"Mama, ki je haka yadda kike," in ji Madam. "Ko wanka kar ki yi."

Inna ta dube ta kamar ta zage ta. "In tsaya gaban hukuma da dauɗa? Ba a haife ni haka ba."

Ta ciro atamfarta mai kyau ɗaya da ta rage, ta ari dutsen guga, ta sa kwalli, ta shafa ɗan turaren da take ɓoyo tun rasuwar Baba. Ni ma ta sa na goge mayafina.

Mutum biyu ne a teburin, ɗaya da biro, ɗaya da waya. Layi ya matso har yana jin numfashinmu.

"Hajiya, ina kike kwana?" in ji mai biron.

Inna ta waiwaya, ta ga kunnuwa, ta rage murya. "Alhamdulillahi, asiri a rufe. Muna raɓe wajen 'yan'uwa."

Na taka mata ƙafa, amma ya riga ya rubuta.

"To mai 'yan'uwa da wannan atamfar me ta zo yi nan? Ko ɗakin za ki karɓa ki zuba 'yan haya?"

Mai wayar ya shaƙi iska. "Kai, ji ƙamshi! Hajiya, biki ba nan ba ne."

Layi ya yi dariya. Har waɗanda ba su da takalmi sun yi.

Ban taɓa katse Inna a gaban mutane ba sai ranar. "Malam, a baranda muke kwana. Wallahi a baranda."

"Kin yi sakandare ko? Shi ya sa kika iya tsara magana. Ofis ba ya sakin kuɗi sai da hoto. Ku kai mu wurin, a shimfiɗa, a kwanta."

Inna ta ce gara a ɗauki gawarta. Ta zauna a gindin bango, ta ja mayafi ta rufe fuska. Ni na shiga adaidaita da su, ina tuna ɗaki mai ƙofa da sakata.

Rana tsaka ce, kasuwa a cike. Na ciro tabarmar daga bayan janareto na shimfiɗa.

"Cire takalmin. Zame mayafin nan, ya yi tsaf da yawa." Mai wayar ya ɗebo ƙasa ya watsa mini a zani. "Kwanta. Ke, ba a murmushi!"

Ba murmushi nake ba, leɓena ke rawa.

'Yan dako suka ajiye diloli suka kewaye ni. Wani ya ce fim ake ɗauka? Wani ya ce a'a, ai 'yar marigayi ce, abokin Alhaji. Daga ƙasa ina hango Alhaji a bakin ƙofa, almakashi a hannunsa.

Kafin la'asar ya sa aka malale barandar da baƙin mai.

"Abu ɗaya na roƙe ku," ya ce. "Yanzu duk Fagge ta ji na ajiye iyalin abokina a waje kamar awaki. Ku ɗauki tabarmarku."

Sau uku na koma firamaren. Na ukun ko teburin babu. Katin bai zo ba. A ƙarƙashin teburin Madam muke kwana yanzu, tsakanin tukwane, ita ma kullum ana yi mata barazanar tashi.

Watannin baya muna cikin adaidaita ta Titin Ibrahim Taiwo, cunkoso ya tsayar da mu. Sai Inna ta damƙe hannuna. Ga ni can sama a kan ƙaton allo, na fi mota girma, a kwance, gashina a waje, ƙasa a zanina.

"Me aka rubuta a ƙasa?" Inna ba ta karatun boko.

Na karanta mata. An ce yanzu na samu gida.

Ta daɗe tana kallo. Direba ya leƙo ta madubi, ya dubi allon, ya sake dubana.

"Da ma kin gyara mayafinki," Inna ta ce, ta saki hannuna.