Aiken Yayana

Ranar da lokotoro a asibiti ya kwance abin awo daga damtsena, ya dube ni, ya dubi tumbina, ya ce tansiyona ya hau, wato hawan jini, kuma magani kaɗai ba zai sauke shi ba sai na riƙa tafiya a ƙasa kullum. Ban yi gardama ba. Wannan ciwon ne ya kayar da yayana, ya shanye masa ɓarin jiki, mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana safarar gishiri daga Tigidda. Na ji tsoro ƙwarai, don ban so in kwanta yadda ya kwanta.

Washegari da sassafe na bar motona, wato babur ɗina, a zaure na fita. Abin da lokotoro bai lissafa ba shi ne, a Agadas magidanci mai furfura ba ya tafiya a ƙasa haka kawai. Ban kai bakin titi ba wani ɗan kabu-kabu ya ja birki.

"Alhaji, esansi ne ya ƙare?"

Na ce a'a, akwai mai a moton.

"To ina zuwa?"

Na ce ba ko'ina. Ya yi mini irin kallon da ake yi wa wanda ya fara taɓuwa, ya wuce. Gaba kaɗan maƙwabcin butikina na kasuwa ya tsaya, ya rantse sai ya kai ni. Ina zai kai ni? Shi ma bai sani ba. Kunya ta sa na hau, ya sauke ni a ƙofar gidana yana jin ya yi aikin alheri.

Haka aka yi ta yi. Na fi hawa bayan moton mutane a lokacin da nake motsa jiki fiye da sanda nake zamana. Har magana ta fara yawo wai na zuba jarina a ramin zinariya a Cibarakaten, na karye. Na haƙura, na koma kan tabarma da shayina. Amma abin ya tsaya mini a rai. Me ya sa ƙafa ba ta yarda da tafiyar da ba ta da inda za ta? Mata suna ratsa gari zuwa barka ko gaisuwa, ba mai tambayarsu, su ma ba su kuka da gajiya. Ni kuwa tafiya kaɗan sai gwiwa ta fara kawo ƙara.

Da na je duba yayana na ba shi labari don ya yi dariya. Ya yi ta da rabin bakinsa, sannan ya ce, "Kai dai tun kana yaro ba ka da dabara. Ka ce wurina za ka zo. Wa zai raba mutum da ladan dubiya? Zumunci a ƙafa yake."

Abin mamaki, ya yi aiki. Duk wanda ya tsaya sai in ce, "Dubiya za ni, kar ka rage mini lada." Sai ya ce in gaishe shi da jiki, ya ja motonsa. Gwiwar ma ta yi shiru.

Daga nan yaya ya fara aikena. Yau ya ce in biyo ta lungunan tsohon gari in gani ko an yi wa hasumiyar babban masallaci sabon yaɓe. Gobe ya ce in leƙa kasuwar dabbobi in ga irin raƙuman da aka kawo. Wata rana har bakin kori, rafin da ke kawowa da damina, ya tura ni, wai in duba ko ruwa ya zo. In na iso ina haki sai ya tsare ni da tambaya, in ban gano da kyau ba ya ce in sake komawa washegari. Nakan yi tsaki a zuciya, amma ina tausayinsa, mutum ya saba yawo ga shi a ɗaki. Ni ma na fara ganin garin da na girma a ciki kamar baƙo. Wandona ya fara zamewa, lokotoro ya daina ɓata fuska.

Yaya ya rasu da damina. Bayan an watse daga zaman makoki, na ce wa matarsa aƙalla ya ga gari da ƙafafuna kafin ya tafi.

Ta girgiza kai. "Wane gari? Da ka fita yake mantawa da abin da ka faɗa. Cewa yake yi, in bai aike ka nesa ba, nan kusa da shi za a shimfiɗa maka taka tabarmar."

Har yanzu ina fita da sassafe. In aka tambaye ni ina zuwa, cewa nake yi aikena aka yi.