Wutar Ƙirjina a Gaban Surukata

Ni dai a da, ko dutse na haɗiye kafin la'asar ya zama gari. Tun ina saurayi nake sayen hatsi tsakanin Tsafe da Gusau, babu rumfar mai abincin da ba ta san hannuna ba. Ina cewa cikina injin niƙa ne, mutane na dariya.

Sai ga wata wuta ta fara taso mini daga ƙahon zuci zuwa maƙogwaro, har da ruwa mai tsami a baki. Abin da nake tsoro ɗaya ne, wuƙar likita. Maƙwabcinmu daga ciwon ciki aka farke shi.

Na je Bungudu wurin yayana. Ya ce olsa ce, kada in bar cikina wayam ko na minti ɗaya. Na kama ci kamar fara. Abokin cinikina a Tsafe ya ce ƙarya ne, basir ne ya hau sama, ya ba ni jiƙo mai ɗacin da har kakana sai da na tuna. Wannan ya ce cika, wancan ya ce wanke. Na yi duka biyun, wutar ta ƙaru. Har na fara nuna wa matata inda nake so a shuka gero bayan raina.

Ita ce ta kira matar babban ɗanmu, nas ce a Gusau. To ina ni ina zancen ciki da suruka? Ta durƙusa bakin ƙofa tana kallon tabarma, ni ina kallon bango, matata a tsakiya kamar tafinta.

"Inna, a tambayi Baba ina ne ke mai ciwo."

Na shafa tun daga wuya har gwiwa.

"Da yatsa guda, Baba."

Ta yi bayani a hankali: abinci na bin maƙogwaro zuwa tumbi, sai ƙaramin hanji, sai babba. Ni kuwa duk zatona buhu ɗaya ne. Wai akwai wata 'yar ƙofa a bakin tumbi, in ta saki sai ruwan tsami ya hawo. Ban gane wa ke buɗe ta ba.

Ta tambaya ko ina aman jini, ko abinci na tsaya mini, ko na rame, ko bayan gida ya yi baƙi kamar kwalta. Saboda kunya da kuma halina na zuzuta abu, duk na ce e, har na ƙara da jiri.

Ta ɗago kai karo na farko. "To yanzu za mu asibiti, wataƙila a zura kyamara ta baki."

Nan take na shiga janye maganata ɗaya bayan ɗaya. Ramar ma matata ta ƙaryata, ta ce wandona ne shaida.

Gaskiyar da ta rage kaɗan ce: tuwo malmala uku da yaji, in kwanta nan take, ga ƙwayar ciwon baya da nake sha kafin karin kumallo. Surukata ta ce in rage ci da yaji, in daina kwanciya da cikakken ciki, in ɗaga matashi, in bar ƙwayar da jiƙon. In bai lafa ba, dole in ga likita.

Na tambayi bango, "To mi ne ne sunan cutar?"

Matata ta ce, "Ƙwannafi ne, Alhaji. Da shi na yi cikin 'ya'yanka duka, ina daka."