Malama Mansura da Tambayar da Ta Kusa Cinye Iƙamarta

Kafin shagunan unguwar Sharafiyya ta Jidda su ɗaga ƙofa, Malama Mansura ta riga ta sauka daga tasi a bakin makarantar 'yan mata, jaka a kafaɗa, tana gyara abaya. Haka muka san ta har zuwa wannan wata da ta ajiye aiki. Tarihin duniya take koyarwa, kuma ba ta ba da amsa a ɓagas. Ɗaliba ta tambaye ta, sai ta mayar mata da wata tambayar. Takan ce a wajen Yunanawan dā ta aro salon, mutanen da Turawa suka gaji gasar Olamfik da rantsuwar likitoci da muhawarar majalisa daga gare su.

Salon nan ne ya kusa raba ta da Jidda.

Wata Juma'a Alhaji Ya'u, mai shagon yadi a kasuwar Bab Makka, yana cin abinci da 'yan'uwansa, ya ce shi Bature da iliminsa aka haife shi, ba wanda ya koya masa. 'Yarsa Sajida, ɗalibar Malama, na shigowa da shayi ta ce, "Baba, mece ce hujjarka?" Ba ta tsaya nan ba, ta jero masa Yunan, da malaman Musulmi da suka fassara littattafansu kafin su isa Turai. Baffanni suka tuntsire da dariya, ɗaya ya ce ashe an buɗe jami'a a kicin.

Ranar Lahadi Alhaji ya dira bakin makaranta. Namiji ba ya shiga, don haka a waya ya sauke wa Mashael, mai makarantar, duk abin da ke cikinsa: a kori malamar da ke koya wa 'ya'ya tsinka iyaye, in ba haka ba ya cire tasa, ya ja abokansa su cire nasu. Mashael ita ce kafilin Malama, wato wadda ta tsaya mata aka ba ta izinin zama a ƙasar. Ta kira ta ofis ta ce ko ta cire babin Yunan ta daina tambaye-tambayen nan, ko kuwa babu sabunta iƙama, wato takardar izinin zaman. Iƙamar na gab da ƙarewa. Mansura 'yar Hausawan Sudan ce, amma a Balad, tsohuwar unguwar Jidda, aka haife ta, Sudan a bakin kakarta kawai ta san ta.

Abokan aiki suka taru a kanta, suna cewa yalla, maza ki ba da haƙuri a wuce wurin. Ta ce haƙuri dole, amma babin yana nan.

Bayan la'asar ta ɗauki ƙanenta Abdallah suka nufi shagon. Alhaji bai nuna musu kujera ba. Maƙwabta suka fara leƙowa. Malama ta dafa wani bandir na yadi. Ta ba da haƙuri, ta ce ta koya wa yarinya tambaya, ba ta koya mata inda ake yin ta ba. Alhaji bai ɗaga kai ba.

Sai ta tambaye shi ko yadin da ta dafa auduga ne, tunda haka aka rubuta a jiki. Ya yi tsaki, ya ce rubutu ai kowa ya iya. Ya zaro zare ya kyasta ashana. Auduga toka take zama, in ji shi, roba kuwa dunƙulewa take yi. Ko ɗan'uwansa ne ya kawo kaya sai ya ƙona zare, haka mahaifinsa ya koya masa.

"Abin da nake koya wa Sajida ke nan, Alhaji," in ji Malama. "Ta ƙona zare kafin ta saya."

Alhaji ya daɗe yana murza tokar a yatsunsa.

"Amma ba a jikin rigar ubanta ba," ya ce. "Kuma ba a gaban jama'a ba."

Ta ce wannan gaskiyarsa ce, kuma daga gobe zai shiga darasi. Bai yi murmushi ba, bai ba su ko ruwa ba. A gabansu dai ya kira Mashael ya ce mata, "Halas, magana ta ƙare, bar ta."

Malama, ke ce kika je da ƙafarki inda wasu za su aika, kika sunkuyar da kai kan abin da ya dace, kika ƙi sunkuyar da shi kan sauran, alhali zamanki a garin haihuwarki na hannun wani. Uwar masu tambaya, mun gode, Allah Ya saka da alheri, Ya ba da lafiyar hutu.

Ku da kuka karɓi ajin, kada tsoro ya sa ku rufe bakin yara. Ku koya musu tambaya, ku haɗa musu da ladabinta.