Keken Tseren Sila

Yo'ila ya shekara ashirin yana gyaran kekuna a bakin kasuwar Tanut, bai taɓa mallakar sabo ba. Wata rana ƙanensa Sila, malamin makaranta, ya turo keken tsere da ya sayo a Damagaram.

"Yaya, in na hau, gwiwata ciwo take yi."

Ƙyashi ya turnuƙe Yo'ila, har ya so ya bar shi da ciwonsa. Amma dai ya ɗaga sirdin keken kamar faɗin yatsa biyu, ya gyara zaman ƙarfen da ke ƙasan takalmin tseren Sila, mai maƙalewa a feda.

Sila ya zagayo kasuwa yana dariya. "Yaya, hau ka ji daɗi!"

"Ina da aiki," in ji Yo'ila. Sati guda bai leƙa gidan Sila ba.